Sharhi kan darasin bidiyo na koyon bebi-firiz: makonni bakwai a kan gwiwar hannu ɗaya

Makonni bakwai na yi ina bin wani darasin bidiyo na intanet da ake biya wata-wata, wanda ke koyar da rawar birekin ga waɗanda ba su taɓa yin ta ba, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban wuce kashinsa na farko ba, domin an gina kashin gaba ɗaya a kan motsi guda ɗaya tak, wanda masu rawar ke kira bebi-firiz. Firiz a wajensu shi ne mai rawa ya ƙame cak a tsakiyar motsi, nauyinsa a kan hannuwa, ƙafafunsa a sama, ya tsaya haka na ɗan lokaci kamar an ɗauke shi hoto. Bebi-firiz kuwa shi ne ƙaraminsu, kuma yawanci da shi ake fara ɗalibi: tafukan hannu biyu da gefen kai a ƙasa, gwiwar hannu ɗaya a kafe a kwiɓi, gwiwar ƙafa a ɗore a kan ɗaya gwiwar hannun, sauran jiki kuma a iska. Na shiga darasin ina da shekara 36, ban taɓa yin wasan tsalle-tsalle ba, aikina kuma na zaman kujera ne daga safe zuwa yamma, saboda haka duk hukuncin da zan yanke a nan na mutumin da jikinsa ya riga ya bushe ne, ba na yaron da ake tanƙwarawa tun yana ɗanye ba.

Kashin ya ƙunshi bidiyo 11, mafi gajarta minti 5, mafi tsawo minti 16. Malami ɗaya ne ke koyarwa daga farko har ƙarshe, mutum mai magana a natse wanda ba ya ɓata lokaci wajen nuna bajintarsa, abin da na yaba ƙwarai, domin yawancin bidiyon kyauta da na gwada kafin wannan rabinsu burga ne, rabi kuma roƙon a danna maɓallin bibiya. An ɗauki hoton da kyamara biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga gefe, sannan a wurare kaɗan akwai ta uku daga sama. Da Turanci yake bayani, amma mafi yawan abin ido ne ke ɗaukarsa ba kunne ba.

Bidiyon farko na tarihi ne, kuma na so in tsallake shi, sai dai daga baya na gane cewa a cikinsa ne malamin ya faɗi magana mafi muhimmanci a darasin. Ya mayar da ɗalibi unguwar Buronks ta birnin Niyok a Amurka, a farkon shekarun 1970, inda matasa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka haifi wannan rawa. Ya ambaci DJ Kool Herc, wani mai sa faifan kiɗa a wajen shagali, haifaffen Jamaika, da shagalin da ya sa kiɗa a cikinsa ranar 11 ga Agustan 1973 a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin al'adar kiɗa da rawa ta hif-hof. Abin da Herc ya lura da shi shi ne masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin nan da mawaƙi ke yin shiru a bar ganguna su kaɗai, don haka sai ya riƙa sa faifai iri ɗaya guda biyu a kan na'urori biyu, yana maimaita gurbin yana tsawaita shi. Wannan gurbi shi ake kira birek, kuma daga gare shi rawar ta samo suna. A nan malamin ya ce firiz amsa ce da jiki ke bai wa ganga, ba tsayuwa ce kawai don a ga an iya tsayuwa ba. Na rubuta wannan magana a takarda, kuma zan dawo kanta, domin darasin da kansa bai riƙe ta ba.

Bidiyo na biyu ya raba rawar gida huɗu kamar yadda aka saba: rawar tsaye da ake buɗe fage da ita, aikin ƙafa da ake yi a ƙasa hannuwa na dafe da daɓe, juye-juyen ƙarfi irin su jujjuyawa a kan kai ko baya, sai kuma firiz. Bayani ne daidai misali, babu abin yabo babu abin zargi.

Darajar darasin tana cikin bidiyo na uku, kuma da shi kaɗai aka sayar mini da ban ce an cuce ni ba. Kafin in kalle shi na ɗauka ƙarfin damtse ne ke ɗaga mutum, har na yi kwana biyu ina gwadawa da ƙarfin tsiya, hannuwana na karkarwa, ina kifawa ta fuska. Malamin ya kashe kusan minti 10 a kan abu ɗaya, wato inda ake kafa gwiwar hannu. Ya sa ɗalibi ya miƙe tsaye, ya lalubi ƙarshen haƙarƙarinsa na ƙasa da yatsa, ya lalubi saman ƙashin ƙugu, sannan ya nemi wurin nan mai taushi da ke tsakaninsu, ya ɗan matso zuwa wajen cibiya kaɗan. Nan ne mazaunin gwiwar hannu. Idan ta hau sama ta danne haƙarƙari, zafi ba zai bari a tsaya ba. Idan ta yi baya da yawa, sai ta zame ta fice ta bayan ƙugu, jiki ya rufto a kan kafaɗa. Idan kuma ta nutse tsakiyar ciki, numfashi ne zai fara ɗaukewa kafin ƙafa ta bar ƙasa. Bai tsaya a nuna wurin ba, ya kuma bayyana dalili. Sangalin hannu ƙasusuwa biyu ne da ke tafiya tare daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kuma idan suka tsaya kyam, gwiwar hannu a saitin wuyan hannu, nauyin jiki zai bi ta cikinsu ya sauka ƙasa kamar yadda rufin ɗaki ke sauka a kan ginshiƙi. Aikin tsoka a nan bai wuce ta hana ginshiƙin karkacewa ba. Da zarar ginshiƙin ya ɗan kwanta gaba ko baya, nauyin ya koma kan tsoka, daga nan kuma karkarwar take farawa. Ban taɓa jin wani ya warware wannan batu filla-filla haka ba, kuma tun daga ranar na daina zargin ƙarfina, na koma duba kusurwar hannuna.

Atisayen da ya biyo baya ma an tsara shi da hankali. Ana durƙusawa, a kafa gwiwar hannu a kwiɓi, a dafa ƙasa da tafuka biyu, sannan a riƙa miƙa nauyi kan hannun ana dawo da shi sau goma, ƙafafu na ƙasa ba su motsa ba. Malamin ya gargaɗi ɗalibi cewa kwiɓin zai yi tsami na wasu kwanaki, kuma haka aka yi, domin nawa har ɗan tabo ya yi. Ya kuma koyar da yadda ake ɗaure tsokar ciki kafin a kafa gwiwar, a ci gaba da numfashi kaɗan-kaɗan ta hanci, maimakon riƙe numfashi gaba ɗaya, wanda shi ne abin da jiki ke so ya yi da kansa idan aka danne shi a ciki. Mai riƙe numfashi ba ya daɗewa a sama, fuskarsa ta cika, kansa ya fara sarawa, dole ya sauko.

Bidiyo na huɗu da na biyar sun zo da kai da ƙafafu. Tafukan hannu biyu da gefen kai su ne wurare uku da ke taɓa ƙasa, kuma dole su zauna kamar duwatsun murhu, kowanne a kusurwarsa da tazara a tsakaninsu. Idan aka jera duwatsun murhu a layi ɗaya tukunya ba za ta zauna ba, kuma kuskuren da kusan kowane mai farawa ke yi ke nan, ya ajiye kansa a tsakanin hannuwansa maimakon ya kai shi gaba. A nan kyamarar sama ta yi amfani sosai, domin an manna alamomi uku a daɓe, ana ganin siffar sarai. Malamin ya bayyana cewa tsakiyar nauyin mutum, idan yana tsaye, tana cikin ƙugu ne, ƙasa da cibiya kaɗan, kuma muddin wannan tsakiya ba ta hau saman filin da ke tsakanin wuraren uku ba, ƙafafu ba za su tashi ba ko da za a kwana ana gwadawa. Saboda haka ya hana wurgi da ƙafa sama, ya ce a ci gaba da karkata gaba a hankali har sai yatsun ƙafa sun yi sakayau da kansu.

Wannan magana ta yi mini kama da tatsuniya har zuwa rana ta 11. A ranar na kafa gwiwar hannun hagu a kwiɓin hagu, na ɗora gwiwar ƙafar hagu a kan gwiwar hannun dama, na sauke gefen kaina, na karkata kamar yadda na saba, ina jiran in faɗi kamar yadda na saba. Sai na ji babban yatsan ƙafata ta dama yana goga daɓe ba tare da ya danne shi ba, na ɗan ƙara karkata, sai ya rabu da ƙasa. Babu wani yunƙuri da na yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauƙin da na ji, har na ɗauka wani abu ne na yi ba daidai ba. Na yi kamar daƙiƙa 2 a haka, ina kallon ƙafar teburi a karkace, sannan murna ta sa na saki ciki, gwiwar hannu ta zame, na mirgina ta baya. Ko wannan mirginawar ma darasin ne ya koya mini, domin bidiyo na shida gaba ɗaya a kan yadda ake faɗuwa yake: idan nauyi ya rinjayi gaba, a naɗe haɓa a mirgina ta kafaɗa da baya, idan ya rinjayi baya, a sauke ƙafar sama ta tare ƙasa. Wanda ya san hanyar faɗuwa ya fi sakin jiki ya karkata, kuma na ga hikimar sanya wannan bidiyo a tsakiyar kashin.

Zuwa nan babu abin da zan ce sai yabo, amma akwai kurakuran da suka taɓa lafiyar jikina, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko shi ne wuyan hannu. Wannan gaɓa ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jeri biyu, jijiyoyi na riƙe da su, kuma bebi-firiz yana buƙatar ta tanƙwaru baya kusan digiri 90 alhali mafi yawan nauyin jiki na kanta. Hannun da ya saba da alƙalami da madannin kwamfuta bai san wannan aiki ba. Darasin yana da bidiyo mai kyau a kan ɗumama wuyan hannu, amma an ajiye shi a lamba ta 9, an kuma yi masa laƙabi da ƙarin bayani, kamar wani abu ne da za a iya bari. Ni kuwa a jere nake bi, saboda haka na yi kusan makonni biyu ina ɗora nauyina a kan hannu mai sanyi. Ranar da ƙafata ta tashi, ɗoki ya sa na maimaita fiye da sau talatin, washegari kuwa na kasa murɗa marfin kwalba da hannun hagu, kuma sai da na yi kwana 6 ban taɓa ƙasa ba. Da na kai ga bidiyo na 9 sai takaici ya kama ni, domin duk abin da nake buƙata yana ciki: jujjuya wuyan hannu, rarrafe a wuri ɗaya ana lilo gaba da baya, juya yatsu su fuskanci gwiwa a ja jiki baya a hankali, da kuma danna kan yatsu a ƙasa don ƙarfafa su. A nan ne ma ya bayyana cewa yatsun da aka baje su ne burkin firiz, idan jiki ya fara rinjaya sai a danna su su dawo da shi. Ya kuma bambanta tsamin gajiya, wanda ke wucewa da hutu, da zafi mai suka ko kumburi ko mutuwar yatsu, waɗanda ke buƙatar a dakata a ga likita. Wannan bidiyo ya kamata ya zama na biyu, kuma shawarata ga duk wanda ya shiga darasin ita ce ya fara da shi, ya kuma maimaita shi kullum kafin ya dafa ƙasa.

Na biyu shi ne wuya, kuma ya fi na farko haɗari. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, an yi su don ɗaukar kai, wanda a jikin baligi bai wuce kimanin kilo 5 ba, ba don ɗaukar gangar jiki a karkace ba. A bebi-firiz kai madogara ce kawai, hannuwa ne masu ɗaukar kaya. Malamin ya faɗi haka, amma sau ɗaya ya faɗa, a cikin jimla guda, yana tsakiyar wani bayanin. A mako na huɗu na lura ina tashi da safe wuyana a sandare ta gefe ɗaya, ban kuma gane dalili ba, domin a raina firiz ɗina ya yi kyau, ina tsayawa daƙiƙa 10 ba motsi. Sai na roƙi ƙanena ya riƙe waya ya ɗauke ni daga gefe. Bai ma gama ɗauka ba ya ce, “Yaya, ai wuyanka ne ke ɗauke da jikinka, hannun nan na hagu hutawarsa yake yi.” Na karɓi wayar na duba, sai na ga kunnena a matse da ƙasa, kumatuna ya lotsa, kafaɗata ta kusa taɓa daɓe, sangalin hannun da ya kamata ya tsaya kyam kuwa ya kwanta gaba. Ashe na samu tsayuwar ne ta hanyar zuba nauyin a kan kai, abin da ke sa firiz ya yi sauƙi a yau ya kuma bar mutum da ciwo gobe. Wurin da ya dace ya taɓa ƙasa shi ne gefen ƙoƙon kai a sama da kunne, ba kunnen kansa ba, ba kumatu ba, ba kuma tsakar kai ba.

A nan ne iyakar koyo ta bidiyo ke bayyana, domin malami yana nuna maka daidai, amma ba ya ganin naka kuskuren. Masu darasin sun san da haka, shi ya sa suka tanadi hanyar da ɗalibi zai tura hoton bidiyonsa a duba masa. Na tura, amsa kuma ta zo bayan kwana 12, layi uku kacal, biyu daga ciki gaisuwa da ƙarfafa gwiwa. Amma layi na uku ya biya jiran. An ce mini in shiga firiz, sannan in gwada ɗaga kaina daga ƙasa da faɗin yatsa ɗaya. Idan na kasa, to nauyin da ke kan kai ya yi yawa, in mayar da ƙugu baya zuwa kan gwiwar hannu. Gwaji ne na daƙiƙa ɗaya da kowa zai iya yi wa kansa, kuma har yanzu ban fahimci abin da ya hana a sa shi a cikin bidiyo na huɗu ba, maimakon a ɓoye shi a amsar da sai wanda ya tura ya kuma yi haƙurin jira zai samu.

Akwai ƙananan abubuwa masu ban haushi da gyaransu ba shi da wuya. Malamin yana fuskantar kyamara, saboda haka damarsa tana hagun mai kallo, kuma babu maɓallin juya hoton. Mutumin da kansa ke ƙasa a karkace, wanda sassan cikin kunnensa masu kula da daidaito ke aiko masa da saƙon da bai saba da shi ba, ba shi da sararin lissafin wace ce dama wace ce hagu. Sai da na ɗaura ƙyalle a wuyan hannun hagu, na kuma koma kallon kyamarar gefe kaɗai, kafin na daina rikicewa. Rubutun fassarar magana kuma a ƙasan allo yake fitowa, daidai inda tafukan hannun malamin suke, wato daidai wurin da ake son a kalla. Ba a iya sauke bidiyon a waya, dole sai da intanet a kowane kallo, rajistar kuma tana sabunta kanta a ƙarshen wata ba tare da tunatarwa ba. Game da wurin atisaye, shawararsu daidai ce: daɓe mai tauri mai santsi kaɗan ya fi katifa, domin katifa tana lotsawa, gindin tafi ya nutse, wuyan hannu ya ƙara tanƙwaruwa, yatsu kuma su rasa abin dannawa. Hula mai kauri ko tawul a ninke a ƙarƙashin kai ya wadatar.

Babban ƙorafina dai ba na ciwo ba ne, na kiɗa ne, kuma a nan zan koma kan maganar da na rubuta a takarda. Bayan malamin ya ce firiz amsa ce ga ganga, sai ya yi bidiyo tara a ɗaki shiru, ma'aunin ci gaba kuma agogo: daƙiƙa 5, sannan 10, sannan 30. Na bi wannan ma'auni da gaske har na kai daƙiƙa 20 a mako na shida, ina ganin na gama. Ran nan na kunna kiɗa, na ɗan taka a tsaye, na ce bari in sauka in ƙame a kan bugu. Kafin in durƙusa, in lalubi kwiɓi, in gyara tafuka, in nemi inda zan sa kai, bugun da nake hari ya wuce, na bayansa ma ya wuce, ƙanena kuma yana gefe yana dariya. Abin da na iya shi ne gina firiz a hankali kamar mai ɗora kaya a kan jaki, ba faɗawa cikinsa ba, alhali a fagen rawa faɗawar ita ce abin kallo.

Duk wanda ya kalli gasar birekin ta wasannin Olamfik na Paris, wadda aka yi a ranakun 9 da 10 ga Agustan 2024 a dandalin Concorde, inda Ami ta Japan ta ci zinare a ɓangaren mata, Phil Wizard na Kanada kuma ya ci a ɓangaren maza, zai gane abin da nake nufi. Masu gasar ba su san kiɗan da za a sa musu ba sai sun shiga fage, kuma alƙalai 9 suna auna su ne a kan abubuwa biyar masu maki daidai wa daida: ƙwarewar sarrafa jiki, yawan salon motsi, tsabtar aiwatarwa, tafiya da kiɗa, da kuma ƙirƙira. Babu makin daɗewa a sama a cikin waɗannan. Firiz a irin wannan fage yawanci gajere ne, amma yana sauka daidai kan bugu, jiki ya mutu murus a lokaci ɗaya, shi ya sa 'yan kallo ke ɓarkewa da ihu. Ba ina cewa a nemi wannan daga mai makonni bakwai ba, amma ya kamata tun daga ranar da ƙafa ta fara tashi a sa wa ɗalibi ganga, a ce masa ya ƙirga bugu takwas ya ƙame a kan ɗaya na sabon ƙirge, ko da daƙiƙa guda zai yi. Riƙewar daƙiƙa 30 tana gina ƙarfi, ban musa ba, sai dai tana kuma koya wa jiki shiga a hankali, kuma ɗabi'ar da jiki ya koya tana da wuyar kankarewa.

Kiɗa bai shigo ba sai a bidiyo na 11, mai minti 5, kuma ko a nan ma hanyar shigar da aka nuna daga taku-shida ce, wato zagayen ƙafa na asali da ake yi a ƙasa, wanda ba a koyar da shi sai a kashi na biyu. Ɗalibin da ya gama kashi na farko an nuna masa ƙofa, an kuma ce mabuɗinta na gaba, kuma ko da gangan aka yi haka don a sabunta rajista ko sakaci ne, sakamakon ɗaya ne. Dole na ƙirƙiro wa kaina atisaye: ina tsugune, in ƙirga takwas da kiɗa, in dafa ƙasa a kan bakwai, in kafa gwiwar hannu a kan takwas, in ƙame a kan ɗaya, in sauko a kan uku. Kwanakin farko ban dace ko sau ɗaya a cikin goma ba, domin gwiwar hannu ba ta san hanyar kwiɓi ba sai da lalube. Yanzu takan faɗa wurinta da kanta fiye da rabin lokaci.

Malamin ya yi gaskiya a kan abu ɗaya da ya sa ban yi da-na-sanin lokacin da na kashe ba, wato cewa kafa gwiwar hannu a jiki ita ce tushen motsi da yawa da ke gaba. Firiz ɗin kujera, inda gwiwar hannu ke komawa bayan ƙugu ƙirji ya buɗe sama, da firiz ɗin kunkuru, inda gwiwoyin hannu biyu ke shiga ciki kai ya bar ƙasa, har da juyin winmil da ake mirginawa ta baya da kafaɗu ƙafafu a buɗe, wanda masu farawa kan koya daga wannan kafawar, duka suna dogara ne da abin da bidiyo na uku ya koyar. Ya kuma nace a koyi ɓangarori biyu tun da wuri, shawarar da na yi watsi da ita don son ganin sakamako, ga shi yanzu ina biyan bashinta.

Darasin ya dace da baligi mai haƙuri wanda ba shi da malami a kusa, matuƙar zai sauya jerin bidiyon da kansa, ya sa na 9 a gaba, ya kuma samu wanda zai riƙe masa waya aƙalla sau ɗaya a mako. Bai dace da yaron da za a bari shi kaɗai da allo ba, saboda batun wuya, haka nan wanda ke da tsohon ciwo a wuya ko wuyan hannu ya fara jin ta bakin likita. Wanda kuma ya riga ya iya ɗaga ƙafa, yana neman yadda zai sa firiz ɗin a cikin rawa, babu abin da zai samu a wannan kashi sai minti 5 na ƙarshe. Ni dai na bar rajistar ta sabunta na wata ɗaya, a wannan karon da sanina, domin in koyi taku-shida in ga ko kashi na biyu zai kawo gangar da na farko ya yi alkawari. A halin yanzu ina tsayawa daƙiƙa 20 a ɓangaren hagu kaina na iya barin ƙasa, a ɓangaren dama kuwa daƙiƙa 3 ne, kuma gwiwar hannun har yanzu zamewa take yi ta bayan ƙugu.